Kawu, matata tana allurar tazarar haihuwa ban sani ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne a garin Tawa, shekarata 36. Kamar yawancin ƴan Adar, bida nake zuwa. Ina da ɗan teburin kayan waya a Abijan, nakan yi wata bakwai ko takwas a can, in dawo gida in yi ƴan watanni in koma. Shekararmu tara da aure da iyalina, Allah ya ba mu haihuwa biyar, huɗu na raye. Ta ƙarshen aiki aka yi mata aka ciro yarinyar, ina Abijan, ƙanena ne ya sa hannu a takarda. Yanzu yarinyar watanta goma sha uku.

Kwana tara da suka wuce ina neman takardar haihuwar babban ɗana saboda lakwal, sai na tarar da wani karne, wato katin likita, a ƙasan kwallarta, naɗe cikin ɗankwali. Na kai wa wani abokina ya karanta mini, ya ce karnen allurar hana ɗaukar ciki ne. An yi mata sau huɗu, uku daga ciki ba na ma ƙasar, kuma an rubuta mata ranar ta biyar nan da sati biyu. Da na tambaye ta sai ta fashe da kuka, ta ce lokotoro ne ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu. Ta ce ta so ta gaya mini ta waya na katse ta. Gaskiya ne, na tuna, na ce mata a gidana ba a wannan zance.

Tun ranar ban ci abincinta ba, ban shiga ɗakinta ba. A fada abokai suna cewa macen da mijinta ba ya gari, me ya kai ta allura in ba da wata manufa ba. Wani ya ce haramun ne, wani ya ce allurar tana ƙone mahaifa, ba za ta ƙara haihuwa ba. Inna ba ta sani ba tukuna. Ni ina son ɗiya da yawa, mu goma sha ɗaya ne wurin babanmu. Zuciyata tana ce mini in tura ta gidansu. Kawu, ka ba ni shawara tsakani da Allah.

Wani magidanci daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya raya abin da ya ba ku, wanda ya rigaye mu kuma Allah ya sa mai ceto ne.

Kafin komai, kada ka tura ta gida, kada kuma kalmar saki ta fito daga bakinka ko da da wasa. Kwana tara ka yi kana dafa abin a cikinka, amma ba ka yanke hukunci ba, ka tsaya ka nemi shawara. Na yaba maka da wannan. Ka ƙara mini ƴan kwanaki.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Akwai abin da ka rubuta da hannunka wanda nake ganin ba ka tsaya ka dube shi ba. Haihuwa biyar cikin shekara tara, wato cikin shekara takwas ke nan in aka cire watannin autar. Ka lissafa da yatsunka: ciki wata tara, goyo, kafin a yaye wani cikin ya shiga. Wannan shi ne abin da iyayenmu mata suke kira rurrutsa, wasu su ce kunika, kuma tun kafin a san allura a ƙasar nan abin kunya ne gare su a ce ƴarsu tana yin sa. Ai dalilin goyon gida ke nan, da mace za ta tafi gidansu wanka ta daɗe, da tsofaffi za su kafa wa miji ido. Ba Turawa suka koya mana cewa jikin mace yana son hutu ba. Kakarka ta san wannan. Abin da ya sauya shi ne yanzu ba a barin mace ta yi shekara a gidansu, tsohuwar da ke kwana a ɗakin mai jego kuma ta tafi da zamaninta.

Sannan ka ce an yi mata aiki. Kai ba ka nan, don haka bari in gaya maka abin da ya faru a ɗakin da ba ka shiga ba. An yanka fatar cikinta, aka ratsa nama, aka tsaga mahaifar kanta aka ciro ƴarka, aka ɗinke. Ɗinkin waje da kake gani ya warke cikin ƴan makonni. Na ciki shi ne abin ji. Mahaifa jaka ce da za ta sake buɗewa ta ɗauki nauyin wani yaro, ta kuma yi ta matsawa lokacin naƙuda. In ciki ya shiga tabon bai yi ƙwari ba, yana iya ɓarkewa, kuma fashewar mahaifa ba ta ba mutum lokacin neman mota. Jini ne ke zuba ta ciki, yaro ya tafi, uwa ta bi shi in ba a kai ta ɗakin aiki da gaggawa ba. Ko macen da ta haihu da kanta lafiya lau, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ta samu wata 24 bayan haihuwa kafin ta nemi wani cikin. To ina ga wadda aka tsaga? Shekara biyun da lokotoro ya faɗa mata ba daga kansa ya ƙago ta ba.

Yanzu ka sa kanka a wurinta. Tana kwance da ɗinki, an ce mata wani ciki kusa-kusa yana iya zama ajalinta. Ta ɗauki waya ta kira mijinta, wanda shi ne ya fi kowa haƙƙin jin wannan magana, ya ce a gidansa ba a wannan zance. Ta san za ka dawo, ta san ba za ta hana ka kanta ba, ba ta kuma so ta hana ka. Me ya rage mata? Ban ce ɓoyewar daidai ce ba. Ba daidai ba ce, kuma in da ita ta rubuto mini zan faɗa mata haka, zan ce ta nemi wanta ko kawunka ko limamin unguwa ya same ka da maganar. Amma ɗana, sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Ƙofar da ya kamata ta bi ta zo maka da gaskiya, kai ka rufe ta da bakinka.

Sai maganar da na san ita ce ta fi cin ranka, ko da yake a tsakiyar wasiƙa ka saka ta kamar ba komai ba: zancen ƴan fada, cewa me ya kai ta allura mijinta ba ya gari. Wannan ita ce ƙayar. Haramcin da ƙonewar mahaifa duk rakiya suka yi mata.

Allurar nan ba kamar kinin ciwon kai ba ce da za a sha yau ta yi aiki yau a manta da ita. Wata uku-uku ake yin ta, a kan rana, kuma ma'aikatan likita suna ja wa mace kunne kada ta tsallake alƙawari. In ta bari ta yanke, sai an sake tabbatar da ba ta da ciki, kuma sau da yawa sai ta jira kwana bakwai kafin sabuwar ta kama. To kai, tsakaninka da Allah, kana sanar da ita ranar dawowarka tun da wata guda? Mu ƴan Adar mun san halinmu. Kasuwa ta yi daɗi a ƙara wata biyu, rasuwa ta faru ko kewar gida ta motsa a hau mota ba sallama, sai dai a ji ƙwanƙwasa ƙofa da asuba. Macen da ba ta san ranar zuwan mijinta ba, in tana son ta tsira, dole ta zauna a shirye. Allura ukun da aka yi mata kana Abijan, kai aka yi wa su. Ta farko ma, in ka duba ranar da ke cikin karnen, za ka ga wajen arba'in ɗinta ne, lokacin ko miƙewa sosai ba ta iyawa.

Ka kuma lura da inda ka samu karnen. Likitar gwamnati ta je, aka rubuta sunanta, aka ba ta takarda ta ajiye a ɗakinta. Mai mugun nufi ba ta barin shaida a ƙasan kwalla, wurin masu tallar magani a ka take zuwa inda ba a tambayar suna. Shekara tara kana tafiya kana barin ta da yara da Inna, ka taɓa jin wani abu a kanta? Ba ka rubuta mini ko ɗaya ba, kuma na san da akwai da shi za ka fara. Allah ya ce mana a Suratul Hujurati mu nisanci yawan zato, domin wani zaton zunubi ne. Wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin Suratun Nur ta yanka masa. Abokanka sun faɗi maganar da ta kai wannan nauyi suna kurɓar shayi, suka tashi kowa ya tafi ɗakin matarsa ya yi barci, kai suka bari da wuta a ƙirji. Ka kuma yi mini haƙuri in faɗa maka wata mai ɗaci: kai ne kake yin wata bakwai a birnin da ba mai sa maka ido, ka dawo ta tarbe ka da fura da ruwan wanka, ba ta taɓa tsare ka da tambaya ba. Amanar da ta ba ka, ka ba ta irinta.

Kuskure guda da ka riga ka yi shi ne barin zancen karnen ya kai fada. Sirrin ɗakinka ne ka shimfiɗa a tabarmar shayi. Abin da ya fita ya fita, amma ka tsayar da shi haka nan. Duk wanda ya sake tayar da zancen ka ce masa kun gama magana da iyalinka, umarnin lokotoro ne, da saninka ake yi. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta kashe tsegumin, domin mutuncinta a garin nan a hannunka yake.

Game da addini, ni ba mai fatawa ba ne, amma na zauna gaban malamai a kan wannan mas'ala saboda ta taɓa ni, kuma ga abin da na riƙe. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi yana cikin Buhari da Muslim, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. A kansa ne malamai da yawa suka yi ƙiyasin hanyoyin zamani na jinkirta ciki. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta rarrabe abu biyu: kashe haihuwa gaba ɗaya ba tare da larura ba, wannan ta hana; jinkirtawa na wani lokaci saboda buƙata, da shawara da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba, wannan ta halatta. Ta kuma ce ba a yi wa mutane dokar ƙayyade yawan ƴaƴa. Ayar da ake yawan kawowa, ta Suratul Isra'i, da ta hana kashe ƴaƴa don tsoron talauci, gaskiya ce, mun yi imani da ita, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Sai dai matarka ba talauci ta guda ba, kuma ba ta kashe kowa ba. Allurar hana ƙwan mace fita take yi, ba a kai ga samun ciki ba balle a zubar. Alƙur'anin nan dai shi ya ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, a aya ta 233 ta Baƙara, shi ya kuma kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni a Suratu Luƙman. Ƴarka watanta goma sha uku, saura mata goma sha ɗaya a nono. In ciki ya shiga gobe, ka san abin da za a yi a gidanku: a cire ta rana ɗaya a ce nonon ya ɓaci. Daga nan ne zawo da tamowa suke samun ƙofa.

Akwai wani abu a maganar Imamu Malik da nake so ka riƙe da kyau, tunda mazhabarsa muke bi. Ya ce miji ba ya yin azalu ga matarsa ƴa, wato wadda ba baiwa ba, sai da izininta. Ka ga ke nan tun a wancan zamani ba a ɗauki wannan a matsayin hukuncin mutum ɗaya ba. Na mutum biyu ne. Ita ta yanke ita kaɗai a ɓoye, kai ka yanke kai kaɗai a waya. In za ka kama ta da laifin ƙin shawara, ka fara da kanka. Kuma kada ka tsaya a kan maganata. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa, ba mai baki a fada ba, ka faɗa masa komai har da aikin da aka yi mata da abin da lokotoro ya ce, ka ji amsarsa.

Zan ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Sama da shekara talatin da suka wuce ina koyarwa a wani ƙauye can wajen Keita. Uwar ɗiyana ta yi haihuwa huɗu kusa-kusa, ta huɗun ta zubar da jini har ta yi fari kamar takarda. Ungozomar likita, wata dattijuwa, ta aiko a kira ni. Na je na tsaya a bakin ƙofa, ban ko shiga ba saboda kunyar mata. Ta ce mini, Malam, matarka ta gaji, ka bar ta ta huta shekara biyu, akwai kinin da za mu ba ta. Na ce to, na fita, ban sake komawa ba. Ba don ban fahimta ba, ni da nake karantar da yara. Tsoron bakin mutane ne, kada a ce malamin lakwal ya bi ra'ayin Nasara. Wata bakwai ciki ya shiga.

Daren da naƙuda ta zo, damina ce, gulbi ya kawo, mota ba ta shiga garin. A amalanken jaki muka ɗora ta, ni da wani maƙwabcina, ina riƙe da fitilar ƙwai da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan goshinta. Zanen da aka shimfiɗa mata ya jiƙe, aka sauya wani, shi ma ya jiƙe. Tun tana salati da ƙarfi har ya zama leɓɓanta kawai ke motsi. A wani wuri ta buɗe ido ta ce mini in kula mata da yara, ta ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har na farin da ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kara. Wannan ne ya karya ni. Da gari ya waye muka samu motar da ta ƙarasa da mu. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, bayan an ƙara mata jinin mutum uku, amma sai da aka cire mahaifar. Ni da nake burin goma, a huɗu na tsaya. Da na ba ta shekara biyun nan, wataƙila da Allah ya ƙara mana wasu. Na san komai da ƙaddara, amma na kuma san an gaya mini na ƙi ji, kuma har yau in na ga amalanke da dare sai gabana ya faɗi.

Shi ya sa da ka ce kana son ɗiya da yawa ban ji haushinka ba ko kaɗan. Ni ba na cikin masu ƙirga wa mutane ƴaƴa. An ce a binciken 2012 macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a na 2021 ya sauko 6.2, masu lissafi su yi ta lissafinsu. Abin da ya dame ni mace guda ce a cikin gidanka. Shekarunta da saura, in ta huta ta warke tana iya ba ka wasu. Gonar da ake nomawa kowace shekara ba taki ba hutu, kai ɗan Adar ka san abin da take bayarwa daga baya. Ka tambayi Inna, a cikin ku goma sha ɗayan nan, mata nawa suka haife ku, kuma shekara nawa ke tsakaninka da wanda kake bi.

Batun cewa allura tana ƙone mahaifa, ba haka ba ne. Abin da yake gaskiya shi ne in mace ta daina, cikin yakan yi jinkirin zuwa fiye da na mai shan kinin, ƴan watanni, wata ma har wajen shekara. Wannan jinkirin ne mutane suke gani su ce ta daina haihuwa. Tana kuma rikita al'ada: wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba kan lokaci ba, wata jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaukewar ba taruwa yake yi a ciki ba kamar yadda ake faɗa, jikin ne bai haɗa shi ba tun farko. Wata takan ƙara jiki, wata ciwon kai. Ba ta ɓata nono. Ka tambayi matarka ko tana fama da ɗaya daga cikin waɗannan. Ina kyautata zaton shekara guda ke nan tana haɗiye abin da ke damunta, har da ruɗanin salla da azumi in jinin yana mata wasa, ba ta da wanda za ta faɗa wa tunda a ɓoye take yi. Wannan ma wata cutar ce da ɓoyo yake jawowa.

In allurar ba ta karɓe ta ba, ko kai hankalinka bai kwanta da ita ba, ba ita kaɗai ce hanya ba. Akwai kinin da ake sha kullum, akwai ƴar ashanar da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse mai shekara uku ko biyar, wadda ake cirewa duk ranar da kuka so, akwai robar mahaifa. Akwai kuma wanda nauyinsa ke kanka, kwaroron roba, ga mai zuwa gida na ƴan watanni ba abin rainawa ba ne. Azalun da sahabbai suka yi ma yana nan, sai dai kuskurensa da yawa, kusan mace ɗaya cikin biyar takan ɗauki ciki a shekara in da shi kaɗai aka dogara, kuma mai ɗinki a mahaifa ba a yi mata caca. Kada ka dogara da cewa tana shayarwa. Shayarwa tana karewa ne in yaro bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ƴarka ta wuce nan tuni. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin waɗannan kayan a likitocinta, don haka ba maganar aljihu ba ce. Wanne ya dace da jikinta, ungozoma ce za ta duba ta faɗa, ba ni ba, ba ƴan fada ba.

Na san abin da zai tsaya maka a wuya: namiji a layin awo, mata suna kallo. Ni ma shi ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Amma zamani ya ɗan motsa. A 2008 aka fara abin da ake kira makarantar mazaje a jihar Damagaram, da guda goma sha ɗaya, da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, bayan an bincika an gano cewa babban abin da ke hana mata zuwa likita shi ne rashin yardar maza. Magidanta ne ƴan gari, waɗanda ake jin maganarsu, suke zama kamar sau biyu a wata su tattauna awo da haihuwa a likita da tazara, su kuma bi ƴan'uwansu maza da magana. A wasu garuruwa har ɗaki suka gina wa ungozoma da hannunsu. Abin ya bazu zuwa sauran jihohi har da tamu. Ka tambaya a likitar unguwarku ko akwai irinsu kusa. Za ka tarar da masu rawani da furfura a ciki, ba wanda ya ce sun zubar da girma.

Inna kuma, kada ka kai mata zancen a matsayin ƙara. In ka shiga kana huci ka ce ga abin da surukarta ta aikata a ɓoye, ka haɗa wutar da ba za ka iya kashewa ba, kuma kai za ka koma Abijan ka bar su a gida ɗaya. In ma dole ta sani, ka bari sai kun daidaita, ka ce mata lokotoro ya ce a jira ɗinki ya yi ƙwari, kuma kai ka amince. Ita ce ta yi jinyar, ita ta ga jinin da kai ba ka gani ba. Ba mamaki ta fi ka saurin ganewa.

Yau da dare ka ci abincinta. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, mu ba mu saba ba, ita ma ba ta jiran haka. In yara sun yi barci ka shiga ɗakin ka zauna, ka ce mata ɓoyewar ta yi maka ciwo, kada ta ƙara ɓoye maka wani abu da ya shafi lafiyarta, kai kuma ba za ka ƙara katse ta ba. Sannan ka ce ta ba ka labarin ranar da aka yi mata aiki tun daga farko, tun daga lokacin da naƙuda ta tsaya, ka yi shiru ka saurara har ta gama. Wata goma sha uku ke nan ba ka tambaye ta ba.

Ka mayar mata da karnenta a hannunta. Ranar da aka rubuta a ciki saura sati biyu, kana gari. Ka ɗauke ta a babur ku je tare, ka shiga har ciki, ka yi wa ungozoma duk tambayoyin da ka yi mini, ka ce ta nuna maka a takarda watan da shekara biyun za ta cika. Kafin ka koma Abijan ka bar kuɗin kabu-kabu na alƙawari na gaba a wurinta, ka kuma sa ranar a wayarka don ka kira ka tuna mata. In kun dawo daga likitar ka rubuto mini abin da aka ce, ina jira. A gaida Inna da yara.

Kawu